Tafkin Kwarin Aduwa Ya Dawo

Daga Mamman, Maigarin Kwarin Aduwa, ƙasar Dakusa,
zuwa ga Malam Ari ɗan Malam Kassim, Zango, Damagaram.
Watan Yuli.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, kamar yadda muke nan lafiya, sai godiyar Allah.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni bayan wannan tsawon zamani. Na nemi lambar wayarka wurin Nazir, direban da ke kawo mana kaya ranar kasuwa, ya ce ko na samu ba za ta yi amfani ba, don kunnenka ya yi nauyi. Mu ma nan cikin kwari ba mu da rezo na waya sai an hau tudu. Shi ya sa na koma ga takarda.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, tafki ya dawo. 'Yan shekarun nan ruwa yana zama a gurbinsa na da, ba ya ƙafewa ko da bazara. Bana tun damina ba ta yi nisa ba ya cinye gonakin da muka yi a cikinsa, ya iso bayan Unguwar Barebari. Ƙasa ma tana tsatsafo da ruwa, gindin katangu duk ya jiƙe. Mutanen meri, ofishin magajin gari, sun zo sun duba, mun zauna da dattawa, an tsai da shawara gari zai tashi ya koma tudun gabas, kusa da lakwal, makarantar boko.

Za a raba filaye bayan an yanke gero. Dattawa sun ce duk mai kango a cikin gari yana da haƙƙi a tudu, ko yana nan ko ya yi ƙaura. Kangon mahaifinka yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Ka zo, ko ka aiko wakili, ko ka sanar da mu idan ka yafe.

Ka gaida mutanen gida duka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Mamman Maigari.

*

Daga Ari, Zango,
zuwa ga Maigarin Kwarin Aduwa.

Ranka ya daɗe Maigari, abokina Mamman,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode ƙwarai da ka tuna da ni. Ban san an naɗa ka ba sai da Nazir ya gaya mini. Allah ya jiƙan Baba Maigari, kai kuma Allah ya taya ka riƙo. Ka gafarce ni, amma a idona har yanzu kai ne Mamman mai tsoron kwaɗo.

A bakin butikina, inda nake sayar da kaya, na buɗe takardar. Da na kai inda ka ce tafki ya dawo, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Maƙwabcina mai sayar da tabarmi ya ce, "Malam Ari, rasuwa aka yi?" Na ce a'a, ruwa ne ya zo garinmu. Ya dube ni ya ce, "To ai damina ce." Sai na koma na zauna.

Ta yaya zan gaya wa mutumin Zango yadda tafkin nan yake da sassafe, hazo kwance a kansa, tsuntsayen kirinjijiya na ta kuka cikin ciyawar kacalla? Ko yadda muke nutsewa mu ciro bado, mu fito leɓe ya yi fari don sanyi, uwayenmu na jiran mu da tsumagiya? Garaken rake da albasa sun kewaye shi, dabino ya yi musu inuwa. Ranar su kuwa, ranar kamun kifi na gari, idan sarkin ruwa ya ba da izini, Yakuba ya ɗora hannu a ganga, gari duka yakan faɗa ruwa da homa, har tsofaffi.

Ka ce kangon mahaifina yana nan. Ai dole a bar mana shi, tunda mu muka kafa garin. Kakana ya sha gaya mini, kakansa Mala Bukar ya taso daga Borno da ayarin kanwa, zamanin da ake gina ganuwar Birnin Damagaram. Takarkarinsa ya karye a bakin ruwan nan, ya zauna ƙarƙashin wata aduwa yana jinyarsa, ayari ya wuce. Ko da suka dawo, sun tarar ya yi bukka ya shuka ƙwallon dabino. Daga baya ku kuka zo kuka same mu.

Shekarar da tafki ya ƙafe ƙurmus, Baba ya zuba mu a kamiyo, babbar motar kaya, muka taho nan, na ɗauka damina ɗaya za mu yi mu koma. Ga shi an doshi shekara arba'in. Na yi tuƙin kamiyo a hanyar Agadas har ƙarar inji ta ci mini kunne, sannan na buɗe wannan ɗan butiki. Labarin da nake ji a da shi ne rairayi ya binne kwarin, ni kuwa ban so in gani da idona ba.

Batun fili, ka ba ni lokaci in yi shawara da yara. Amma ka ba ni labari. Yakuba makaɗi yana nan? Liman Babba fa? Aduwar nan ta ƙofar masallaci tana tsaye? Ƙanwarka Jummai kuma, ina take aure?

Allah ya ja zamaninka.

Abokinka,
Ari.

*

Daga Jummai, Kwarin Aduwa,
zuwa ga Malam Ari.

Malam Ari, sallama da gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa?

Rubutun nan mai kama da sawun kaza ka riga ka san shi. Na shiga yaƙi da jahilci bayan na yaye autata, kuma tun da idon Yaya ya yi rauni, ni ke karanta masa takardu, ni ke rubuta masa. Saboda haka na ga inda ka ajiye ni. Ka tambayi Yakuba, ka tambayi Liman, ka tambayi itace, sannan ka tuna da ni. Yaya ya yi dariya har ya yi tari, ya ce tunda ni aka yi wa laifi, ni zan ba da amsa.

Bari in fara da gyara maka tarihi. Kakanmu Ɗan Baru maharbi ne ya bi sawun gada har ya gano ruwan nan, ya kafa zangonsa tun kafin Babarbare ya san akwai hanya ta nan. Wa kake tsammani ya ɗaure ƙafar takarkarin kakanka? Wa ya ba shi fura tsawon jinyar? Dabino dai na yarda naku ne. Mu mun ba ku wurin zama, ku kun kawo mana abin zaƙi, aka zauna lafiya.

Yakuba ya rasu da daɗewa, gangarsa tana rataye a ɗakin ɗansa, ba mai kaɗa ta. Liman Babba ma ya rasu, ɗansa Malam Sale ke jan salla. Aduwa iska ta kayar da ita wata bazara, aka yi wata guda ana girki da ita. Ni kuwa Ɗanƙarami mai jakuna na aura, ka san shi, wanda ke yi muku dakon kanwa. Mutum ne mai haƙuri, mun zauna lafiya har Allah ya karɓi abinsa shekarun baya. 'Ya'yana mata suna gidajensu, Aliya a Dakusa, Zahra'u a nan bayan kasuwa. Ina da jikoki har na fara rikita sunayensu. Ni ce kuma shugabar matan garka, ko da yake yanzu rabin garkar tamu kifi ke yawo a cikinta.

Na ga kana murna da dawowar ruwa. Ni ma ranar da na fara jin kukan kirinjijiya na ajiye tsintsiya na tsaya kamar wadda aka kira da sunan yarinta. Amma ka sani ba kowa ke murna ba. Bayan tafiyarku, da muka fid da rai, cikin tafkin muka shiga muka yi gonaki, don nan ne kaɗai ƙasa ke riƙe danshi. Da dawar wurin muka rayu, da ita muka aurar da 'ya'ya. Yaran da aka haifa bayan yunwa ba su san wani tafki ba, gonar ubansu suka sani, ga ta yanzu ƙarƙashin ruwa. Idan tsofaffi suna cewa alhamdu lillahi, su sai su kau da kai.

Amma akwai abin dariya. Kwanan baya samari suka jefa ƙugiya suka jawo gaiwa. Ba su taɓa ganin irinta ba, suka watse da gudu suna ihun maciji. Sai da na je na ɗauke ta da hannuna, na yi miya da ita. Da ƙamshi ya tashi, duk wanda ya gudu ya dawo da kwanonsa.

Ɗakina yana daga cikin na bakin ruwa. Kowace safiya nakan ga danshi ya ƙara hawa jikin bango. A ɗakin na haifi 'ya'yana duka, a nan aka yi wa Ɗanƙarami wanka. Na san za mu tashi, amma ba na son a yi mini maganar.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah ya bar zumunci.

Jummai.

*

Daga Ari, Zango,
zuwa ga Jummai.
Watan Agusta.

Jummai, amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida jikoki. Allah ya jiƙan Ɗanƙarami, ya sa ya huta. Na tuna shi sarai, ba ya dukan jakinsa, lallashinsa yake yi.

Wannan takarda taki ce, ba ta Maigari ba, kada ki karanta masa.

Kin ce na sa ki a ƙarshe. Da sunanki na so in fara, hannuna ne ya ƙi, sai na yi ta kewaye-kewaye har na kai ga itace.

Kin aiko gaisuwa ga maiɗakina. Fanta ta rasu shekara uku ke nan, bayan doguwar jinya. Mutuniyar kirki ce, 'yar Birni, ta riƙe mini gida duk shekarun da nake kan hanya. Ta bar mini Ramlatu, tana koyarwa a lakwal, da Kassim wanda ke taya ni a butiki. Dukansu sun yi aure. Da rana akwai hayaniyar Zango, 'yan kabu-kabu da masu tura kura, ba na jin kaɗaici. Amma idan na rufe butiki na shiga gida, ba wanda zan ce wa ga abin da na gani yau.

Kin tuna bikin su na ƙarshe da aka yi kafin ruwa ya ja baya? Kuna tsaye a baki ku 'yan mata da ƙore a hannu. Na kama wata tarwaɗa da ta kusa kai damtsena, na ratsa mutane na zo na saka ta a ƙwaryarki, gaban kowa. Ta yi tsalle ta watsa miki taɓo a fuska. Innarki ta harare ni, amma ba ta ce ki mayar ba. Bayan wannan ne Baba ya kai goro gidanku, aka ce a jira kaka. Kakar ba ta zo ba, ta bayanta ma ba ta zo ba, kowa ya shiga neman abin da zai sa a baki. Ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya rubuta.

Jummai, ni ba yaro ba ne, ba zan yi dogon zance ba. Ɗakinki yana shan ruwa, ni kuma gidana ba kowa. Ginin siminti ne, akwai fanfo a tsakar gida, akwai lantarki, gidan likita yana kusa. Me zai sa ki fara sabon gini a tudu a waɗannan shekaru, ki riƙa hawa da sauka da tulu? Idan kin yarda, in aiko manya wurin Maigari, ki dawo Zango ki huta. Dakusa ba nisa, duk lokacin da kika so ganin jikoki mota tana nan.

Kada ki yi saurin amsawa. Na sa Nazir ya kawo miki ɗan alkaki, ki raba wa yara.

Ki huta lafiya.

Ari.

*

Daga Mamman Maigari,
zuwa ga Malam Ari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mushen lakwal, malamin yaranmu, ne ke rubuta mini wannan, don Jummai ba ta da sukuni.

Ranar Juma'ar da ta wuce an yi ruwa tun hantsi har bayan la'asar. Tafki ya tsallake, ya shiga Unguwar Barebari da Unguwar Maharba. Muna fitowa daga masallaci muka ji katangu suna zubewa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, sai awaki da rumbuna. Ɗakin Jummai ya faɗi, amma ta riga ta fita da jikokinta. Mata da yara suna kwana a azuzuwan lakwal, maza a rumfunan kasuwa.

Ba za mu iya jiran kaka ba. Mun kira gayya daga ƙauyukan kewaye, za a kafa bukkoki a tudu tun yanzu, gini ya biyo baya idan ruwa ya ɗauke. Idan kana son ganin garin mahaifinka kafin ya tafi, ka zo cikin makon nan.

Jummai ta ce in gaya maka saƙonka ya iso, za ta ba da amsa idan ta sami wurin zama.

Wassalam.
Mamman Maigari.

*

Daga Ari, Zango,
zuwa ga Jummai.
Watan Satumba.

Jummai, ina gaisuwa. Ina ƙara yi muku jaje, Allah ya mayar da alheri.

Na iso gida lafiya. Na san kin ji na taho da sassafe ban yi miki sallama ba, ni da na ce zan yi mako. Ki yi haƙuri, na kasa zama ne.

Tun daga mota nake shirya abin da zan gani. Da Nazir ya sauke ni a tudu na gangara, sai na rasa gabas da yamma. Ban gane ko lungu ɗaya ba. Na tambayi wani saurayi ina gidan Malam Kassim, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Sai Maigari ne ya sa aka kai ni, aka nuna mini ruwa, aka ce nan ne. Kan dabino biyu kawai na gani a tsakiya. Tafkin ma ba irin wanda na sani ba ne. Jajaye ne, ledoji da karan rufi suna yawo a kansa, ga ƙarar injin ban ruwa ta ko'ina.

Na koma tudu inda ake gayya, aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, aka kawo mini shayi. Na miƙe zan kama wata azara, wani yaro ya karɓe ya ce, "Baba, ku baƙi ku huta." Baƙo, Jummai. A garin da aka binne cibiyata. Duk wanda na ambata sai a ce ya rasu, ko ya tafi Libiya, ko ba a san shi ba. Na zauna tsakiyar mutane suna ta raha da juna, kunnena ba ya kama rabin abin da suke faɗa, rabin da na kama ban san a kan wa ake yi ba.

Ke ma na hango ki wajen tukwane, kina ba mata umurni. Kin zo cikin ayarin mata kin ce sannu da zuwa, kin koma. Ban ga laifinki ba, aiki ya yi miki yawa. Amma na fahimci amsata ke nan.

Garin da nake ɗauke da shi a raina duk shekarun nan ba ya nan. Da na sani da na bar shi inda yake, ban je na duba ba. Ki gaya wa Maigari na yafe filin, a ba wanda ruwa ya ci gidansa.

Allah ya ba ku ikon gini, ya sa albarka a sabon wuri.

Ari.

*

Daga Jummai, Tudun Gabas,
zuwa ga Malam Ari.

Malam Ari, gaisuwa da fatan alheri. Yau na sami wurin zama, bukka ce ta kara, a kan turmi nake rubutu.

Ban gaya wa Yaya saƙonka na yafe fili ba tukuna, don ina so ka fara jin nawa.

Ka zo wurin gayya da farar babbar riga mai aiki da takalmin fata. Wane yaro ne mai tarbiyya zai bar ka ka ɗauki azara? Wanda ya ce maka baƙo, jikan Yakuba ne. Da ka ce masa kai abokin kakansa ne, da ya bi ka har dare yana tambayarka, don bai taɓa jin yadda kakan ke kiɗa ba. Ba ka gaya masa ba. Tun da ka sauka idonka na kan ruwa, kana neman waɗanda suka mutu, masu rai suna wucewa ta gabanka.

Ka ce garinka ba ya nan. Bari in gaya maka inda ya shiga. Bayan tafiyarku mun ci anza, sai an jiƙa ta kwanaki kafin ɗacin ya fita. Mun haƙa gidan tururuwa muna neman ƙwayar hatsi. Na binne ɗana na fari bai kai ga tafiya ba. Gidaje sun zama kango ɗaya bayan ɗaya, har kura ta riƙa shigowa kasuwa. Amma duk Juma'a Baba yakan sa a share ƙofar masallaci, duk Laraba a ci kasuwa ko da mutum biyar ne. Haka muka riƙe shi har yara suka tashi, aka gina lakwal, mata suka yi garka. Mutanen da ka gani suna ɗaure bukkoki suna tsokanar juna, su ne garin. Ba a bar shi cikin ruwa ba, a ka muka ɗauko shi muka hau da shi.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba wanda ya san ka. Inna Talatu tana nan da ranta, wadda ke sayar muku da ƙosai a ƙofar gidanku. Ta makance, tana kwance a ajin da ke bayan inda aka yi maka shimfiɗa. Washegari ta kira ni ta ce, "Jummai, jiya na ji muryar Malam Kassim yana magana a waje. Mutuwa ce ta zo ɗaukata, ko kuwa?" Na ce mata ɗansa ne, Ari. Ta ce, "Ari mai satar mini ƙosai? Ina yake?" Na ce ya koma. Ta juya fuska ga bango, ba ta ci abinci ba ranar.

Batun gaisuwata kuwa, kunya ce. Ni da jikoki, na hango ka kana gangarowa da furfura, tafiyarka ba ta sake ba, sai ga ni ina ɓuya bayan tukunya kamar 'yar shekara sha shida. Zanena duk toka, ba ni da wani, sauran suna ƙarƙashin ɗaki. Na ce bari gobe in ari na Zahra'u in zo mu gaisa sosai. Goben ta yi, aka ce ka bi motar safe.

Ga amsar da ka nema. Ba zan zo Zango ba. Na gode da fanfo da lantarki, amma ni ba hutu nake nema ba. Kusan shekara arba'in ina kallon gurbin ruwan nan a bushe, ba zan tafi a shekarar da ya dawo ba. Akwai sabuwar garka da za mu kafa a bakinsa, yaran nan ba su san yadda ake zama da tafki ba, sai an nuna musu. Mu da muka sani mun kusa ƙarewa.

Zango na ce ba na so. Ban ce komai a kanka ba.

Ka huta lafiya. A gaida Ramlatu da Kassim.

Jummai.

*

Daga Ari, Zango,
zuwa ga Maigarin Kwarin Aduwa.
Watan Oktoba.
(A ba Malam Sale Liman ya karanta wa Maigari.)

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi muku barka da kaka. Na ji gero ya yi kyau a jigawa, Allah ya sa albarka.

Na yi jinkirin rubutu don sai da na zauna da yarana. Kassim bai ja ba, ya ce zai riƙe butiki. Ramlatu ce ta yi kuka. Ta ce, "Baba, mutane suna barin ƙauye su zo birni, kai kuma da tsufanka za ka koma inda ba likita?" Na ce mata ta bi ni ta gani tukuna. Na ba ta labarin garin tun daga Mala Bukar, abin da ban taɓa zama na yi ba. Da na gama ta ce, "To me ya sa ba ka taɓa kai mu ba?" Yanzu ita ke tambayar ranar tafiya.

Buƙatuna biyu ne. Ta farko, ina son filin mahaifina a tudu, zan gina, zan zauna. Ban iya noma sosai ba, amma na san inji, na ga kuma injinan ban ruwanku suna tari kamar tsofaffi.

Ta biyu, mahaifina ya taɓa kai goro gidanku, yunwa ta hana a ƙarasa magana. Yanzu kai ne uba a gidan. Ina neman auren ƙanwarka Jummai, idan ta yarda, idan ka yarda. Ƙanen mahaifina da ke Birni ya ce zai zo da kansa duk ranar da ka sa.

Ka gaya wa Inna Talatu ina nan tafe, ita zan fara gaisarwa kafin kowa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Abokinka,
Ari.

*

Daga Jummai,
zuwa ga Malam Ari.

Sallama da gaisuwa.

Jiya aka auna filaye. Naka yana gefen yamma, ƙofarsa tana kallon kwari. Maƙwabcinka Malam Sale ne, sai ka shirya tashin asuba.

Yaya ya kira ni gaban Liman ya tambaye ni. Ban ce masa komai ba. Ya jira, ya sake tambaya, na ci gaba da kallon tabarma. Sai ya ce wa Liman, "Tun tana yarinya ban taɓa ganin an tambaye ta abu ta yi shiru ba. A rubuta wa mutanen Birni su zo."

Ranar Asabar za a fara kwaɓa ƙasar gininka. Mata za su ɗebo ruwa, ni zan ja su. Ka zo da wuri ka nuna inda kake son ɗaki, in ba haka ba ni zan zaɓa.

Sai ka iso.

Jummai.